Rasuwar Ku-Fito, Lasifikar Motar Asibiti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye ƙasa, Malam Ya'u na unguwar Nima a birnin Accra yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa jin muryarta daga Maamobi har Kawukudi, rasuwar lasifikarsa, wadda matan lungu suka raɗa wa suna Ku-Fito. Ta cika ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, a cikin buhun shinkafar matarsa Salimatu, inda aka kwantar da ita jinya bayan ta sha ruwa. Mu mun san inda muka fito da inda za mu koma. Ita daga wani kanti a Adabraka ta fito, kuma har yau Malam Ya'u bai sami wanda zai gaya masa inda irinta suke komawa ba.

Wanda ba ɗan unguwa ba ne zai so a gaya masa ko wace ce marigayiyar. Duk ranar Laraba motar asibiti tana zuwa Nima, wata farar mota mai gado ɗaya a ciki da na'urar ɗaukar hoton ƙirji. Tana tsayawa a filin bayan masallaci, domin nan ne iyakar inda hanya ta yarda da ita. Daga nan zuwa ciki lunguna ne waɗanda in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Mota ba ta shiga, saboda haka dole a sami mai kai kira ƙofa-ƙofa, kuma Malam Ya'u ne mai kai kiran. Ya zo daga ƙasar Maraɗi yana saurayi, ya yi gadin kantuna har gemunsa ya yi fari, ya tsinci harshen Twi a bakin 'yan kasuwa, Turanci kuma a tsofaffin jaridun da ake naɗe kaya da su. Da ya bar gadi sai ya ɗauki wannan aiki don Allah. Da farko da maƙogwaronsa yake yi, har muryar ta dushe ta koma kamar ana jan tabarma a ƙasa. A lokacin ne marigayiya ta shigo rayuwarsa.

Fara ce mai jan baki, da madauri na ratayawa a kafaɗa. Tana da wani ɗan jan maɓalli a gefe. In an danna shi aka yi magana sai ta riƙe maganar, ta yi ta maimaita ta wuni guda ba tare da ta nemi ko kofin koko ba. Sai dai ba ta riƙe magana mai tsawo, kuma in sabuwa ta shiga tsohuwa ta fita ke nan. Kafin ta soma kira takan yi wani ɗan tsaki, fiiit, kamar mai gyara murya, sannan ta ce:

"Ku fito, ku fito! Motar asibiti ta iso bayan masallaci. Awon jini, awon sukari, awon yara, duba ƙirji, duk kyauta. Abin da aka faɗa cikin mota, cikin mota zai tsaya."

An shaide ta da haƙuri. Ta yi tafiya cikin rana, ta yi cikin ruwan sama a naɗe cikin baƙar leda. Muryar da take kira da ita a ƙofar gidan bene ita ce dai take kira da ita a ƙofar ɗakin 'yan dako, ba ƙari ba ragi. Ta hanyarta aka gano hawan jinin tsoho Awudu tun bai kayar da shi ba. Jarirai da yawa an rataye su a ma'auni suna tsala ihu saboda uwayensu sun ji ta sun fito da zani a hannu. Tana da dangi a kasuwar Nima, lasifikoki 'yan uwanta, wasu suna tallan maganin ɓera, wasu suna tallan ruwan kwalba mai warkar da basir da ciwon baya da rashin aure a lokaci ɗaya. A duk zuriyarsu ita kaɗai ce ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Malam Ya'u yana so a riƙe wannan, domin har ranar da ta mutu ba ta yi ƙarya ba.

Aibinta ɗaya ne, ƙarfin murya. A kafaɗarsa take zama, bakinta dab da kunnensa, har ya soma kwana da ƙara a ka. Malamar jinyar da ke cikin motar, wadda kowa ke kira Anti Nas, ita ta ba shi shawara ya riƙa toshe kunnuwansa da auduga. Ya toshe, kuma ya ji daɗin abin fiye da yadda ya kamata. Sai ya zama yana ratsa hayaniyar Nima cikin wani shiru nasa na kansa, lasifika tana aikinta, shi kuma yana juya tambayoyin da ya saba juyawa tun zamanin gadi. Ɗaya daga cikinsu ita ce: in mutum ya kira jama'a zuwa alheri alhali shi ba ya jin kiran, ladan na wa ne, nasa ko na abin da ya rataya? Bai taɓa cimma amsa ba, kuma bai yi zaton tambayar za ta dawo masa ta wata fuska ba.

Ba za a fahimci ciwon ajalinta ba sai an ambaci Mma Mulikatu, wadda ta ba da izini a ambace ta. Ita ce mai sayar da shinkafa da wake, wanda duk Accra ke kira waakye, a mahaɗar Kawukudi. Tun sassafe layi yake tsayawa a gaban tukunyarta, direbobin motocin hayar da ake kira trotro da ma'aikatan ofis da masu ɗinki, kowa yana jiran a naɗe masa nasa a ganye. Da wannan tukunya ta raini 'ya'yanta, kuma daga cikinta Malam Ya'u ya sha cin abincin da ba a tambaye shi kuɗinsa ba. Ta daɗe tana tari. Ya yi mata magana ta zo a duba ta, ta ce masa, "Ni ba na kai ƙirjina inda Nima za ta leƙa, Ya'u. Yau a duba ni, gobe in ji labarina a bakin famfo." Ya rantse mata ba haka abin yake ba. Saboda ita ne ma ya sake ɗaukar kiran, ya ƙara wannan magana ta ƙarshe, cewa abin da aka faɗa cikin mota cikin mota zai tsaya. Ta ji lasifika tana faɗin haka a gaban tukunyarta mako bayan mako, har ta yarda. Ta zo, aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka karɓi kakinta aka tafi da shi gwaji, aka ce ta dawo.

Ranar da ta dawo, Hafiza mai yi wa Anti Nas tafinta ba ta zo ba, ta tafi suna. Anti Nas ba ta jin Hausa, Twin Mma Mulikatu kuma na ciniki ne, bai kai na ciwo ba. Mma da kanta ta ce a kira mata Ya'u. Da ya zo zai hau motar, Anti Nas ta nuna lasifikar ta ce ya bar ta a waje a kan benci. Ya dubi bencin, ya dubi yawan mutanen da ke kai da kawowa a filin, ya ji ba zai iya rabuwa da ita ba ko na ɗan lokaci. Sai ya juya baya kamar zai ajiye ta, ya tura ta ƙarƙashin babbar rigarsa, ya cire audugar kunnensa ya shiga.

Cikin motar matsattse ne. Ya zauna a ɗan kujera ya takure, gwiwarsa ta tokare lasifikar, jan maɓallin ya dannu. Ba ta yi tsaki ba, ba ta yi komai ba, ta yi shiru ta saurara kamar yadda aka halicce ta ta yi. Anti Nas ta yi bayani, shi kuma ya juya shi zuwa Hausa a hankali, da muryar da ake yi wa babba magana. Ya gaya wa Mma Mulikatu cewa tarin fuka ne, kuma yana iya kama na kusa da ita. Ya gaya mata ana warkewa sarai, maganin kyauta ne, in ta riƙe shi ba fashi bayan 'yan makonni ba za ta ƙara sa wa kowa ba. Ya gaya mata ta iska yake bi, ba ta cikin shinkafa ba, kuma kafin nan 'yarta Ruhaina ta riƙe tukunya ita ta huta a gida. Mma ta ce, "To, a ba ni maganin." Malam Ya'u ya fito yana jin ya yi aikin kirki. Ya mayar da audugarsa, ya rataya lasifika, ya kunna ta, ya kama hanyarsa ta kullum.

Abin da marigayiya ta riƙe shi ne farkon maganar kaɗai. Ta yi tsakinta, fiiit, sannan ta ce da muryar Malam Ya'u, a fili, kowane harafi a wurinsa:

"Mma Mulikatu, ta ce gwajin ya fito. Tarin fuka ne, kuma yana iya kama na kusa da ke."

Daga nan sai ta koma farko.

Ya bi lungun mahauta da ita. Ya wuce bakin famfo inda mata suke layi da bokitai. Ya haye gadar babbar kwata ya shiga Maamobi, ya zaga, ya fito. Bai taɓa ganin mutane sun fito kamar na ranar ba. Ƙofofi suna buɗewa tun kafin ya iso, ana leƙowa ta taga, ana ɗaga masa hannu da ƙarfi, shi ma yana ɗaga musu yana murmushi. Kassim tela ya bar kekensa ya biyo shi ya riƙe masa hannun riga, bakinsa yana motsi. Malam Ya'u ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sai na dawo, Kassim, ina kan aiki," ya zame ya wuce. A ransa yana cewa yau kam Allah ya sa wa kiran albarka.

Hanyarsa kullum a Kawukudi take ƙarewa, a gaban tukunyar. Ruhaina ce a kai, layi ya kai bakin titi. Ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ya ga wani direba ya dubi ganyen da ke hannunsa, ya ajiye shi a kan tebur a hankali ya ja da baya. Ya ga layin yana warwarewa ta baya. Ruhaina ta saki ludayi ta zo har gabansa, ta miƙa hannu ta zare audugar daga kunnensa, abin da ba ta taɓa yi wa babba ba.

"Baba Ya'u," ta ce, "ka ji abin da kake faɗi?"

Ya ji. Ya kai hannu zai danna maɓallin kashewa, garin sauri sai ya murɗa na ƙara murya. Ya sake dannawa ta ƙi. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya cire ta daga kafaɗarsa ya danna ta cikin bahon da ake wanke kwanuka, ya riƙe ta a ƙasa da hannu biyu. Tana cikin ruwan ma ba ta bar aikinta ba. "Mma Muli… Mma Muli…" Kumfa ta taso, sannan ta yi shiru.

Ya kai ta gida tana ɗiga. Salimatu ta binne ta cikin shinkafa kamar yadda ake yi wa waya in ta faɗa ruwa, ba don tana so ba. "Malam," ta ce masa, "wannan kake jinya? Ka je ka duba wadda ka kwantar mana." Bai je ba. Ya zauna kusa da buhun kwana da kwanaki, ko masallaci sai ya bi ta bayan gida. Lokaci-lokaci yakan ciro ta ya kunna, ta yi wani ɗan kakari kamar mai tari, ya mayar da ita.

A cikin kwanakin nan Ruhaina tana ɗora tukunya da safe tana dawowa da ita kusan yadda ta tafi. Laraba ta zagayo, mota ta zo ta tsaya bayan masallaci, aka jera benci, bencin ya wuni yana shan rana. Tsoho Awudu, wanda maganinsa ya ƙare, ya aiko a ce ya gode, shi jininsa zai haƙura da hawansa a cikin gida. Anti Nas ta hango Malam Ya'u a laɓe a bakin lungu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa da Twi, "Papa, na ce ka bar ta a waje," ta koma cikin motarta.

Ya juya lamarin ta kowace fuska yana neman inda zai ɗora wa marigayiya laifi, bai samu ba. Ba kalma ɗaya tata a cikin abin da ta faɗa. Ba ita ta shigar da kanta motar ba. An ce a bar ta a waje, wanda yake son ta ne ya ɓoye ta a riga. An tsayar da shi a hanya, shi ne ya ce sai ya dawo. Ya nutsar da ita a ruwan wanke-wanke saboda ta mayar masa da muryarsa, alhali wannan kaɗai ne aikin da ya saye ta domin shi. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne yadda magana za ta zama gaskiya tsantsa amma ta yi ɓarnar da ƙarya ba ta yi ba, don kawai an yanke ta a tsakiya.

Da ta cika ranar Lahadi, ba sauran abin da zai zauna yana gadi. Ya sa hula ya tafi gidan Mma Mulikatu. Ya same ta a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, ta rufe bakinta da ƙyalle kamar yadda aka ce ta yi, tana tsintar wake. Ya yi sallama ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Ei, mai shela ne?" ta ce. "Shigo mana. Ba sauran abin da za ka ɗauka a nan, duk ka riga ka raba."

Ya durƙusa. "Mma, na zo ne…"

"Ina abokiyar taka?"

"Ta rasu, Mma. Yau da hantsi."

"To! Ta riga ni ke nan." Ta yi dariya har tari ya kama ta, ta juya fuska gefe sai da ya lafa.

"Ki yafe mini, don Allah."

"Na yafe, in wannan ka zo nema. Ɗauki ka tafi da shi. Amma Ruhaina yau ma ta dawo da tukunya cike, kuma na ji Awudu ya ƙi zuwa karɓar maganinsa saboda ni." Ta ture farantin waken. "Ka san abin da ya fi ci mini rai? Ba faɗin ba ne. A cikin motar nan ka gaya mini magana cikakkiya, na fito da ƙarfina. Ka je ka ba Nima rabin da ke tsoratarwa, ka riƙe rabin da ke kwantar da hankali a aljihunka."

"Lasifikar ce ba ta riƙe magana mai tsawo, Mma."

"Kai fa, kana riƙewa?"

Ta jawo farantin waken ta ci gaba da tsinta.

"To je ka faɗi sauran. Duk lungun da ka bi, ka sake bin sa. Da sunana, tunda sunan ya riga ya fita yawo. Ka ce Mulikatu tana shan magani, ka ce ana warkewa, ka ce ba a cikin shinkafa yake ba. Ka ce a cikin motar nan aka gano shi tun bai kashe ni ba."

"Muryata ba ta kaiwa, Mma. Kin san ta dushe."

"Sai ka matsa kusa da ƙofa."

Marigayiya ta rasu ta bar madaurinta, wanda gumin kafaɗa ya mayar baƙi, da cajarta da har yanzu take maƙale a bango tana jira. Ta bar baƙar ledar da take shiga in ana ruwa. Ta bar danginta na kasuwa, waɗanda ba su fasa tallansu ba ko na minti ɗaya, da manyan yayyenta na saman masallatai da ba su san tana duniya ba. Ta bar farar mota da benci babu kowa a kai. Ta bar Malam Ya'u. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo sun taya gawar, an ba su haƙuri.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Malam Ya'u ya tambayi liman ko akwai abin da ake karanta wa irinta, liman ya ce babu, ya je ya sha ruwa ya huta, amma tafiyar da Mma ta ce a yi, ya yi ta. Saboda haka ba salla, ba rumfa, ba kujerun haya, ba za a tare wa kowa hanya ba. Ranar Laraba mai zuwa da hantsi, da zarar mota ta tsaya bayan masallaci, za a ɗauko gawa a naɗe cikin ledarta, a rataye a kafaɗar da ta saba zama. Za a bi lungun mahauta, a wuce bakin famfo, a haye gada a shiga Maamobi, a fito. A kowace ƙofa za a tsaya, Malam Ya'u zai yi sallama ya faɗi sauran maganar da bakinsa. Muryar ba ta da ƙarfi, ana roƙon masu rediyo su rage.

Ba a karɓar gaisuwa a gidan mamaciya. Wanda yake son yin ta'aziyya ya zo Kawukudi da kwanonsa ko ya karɓa a ganye, ya saya kamar yadda ya saba. Ruhaina ce za ta dafa, ita ma an duba ƙirjinta an ce lafiya. Malam Ya'u ne zai fara ci, a tsaye, a bakin titi. Daga nan za a koma wurin mota, inda zai zauna a kan benci a duba shi kamar kowa, ko da shi kaɗai ne a kai. Hafiza ta dawo bakin aikinta, shi kuma ba zai ƙara shiga motar da sunan tafinta ba. Duk mai shiga daga yanzu zai iya cewa a girgiza rigar kowa kafin a rufe ƙofa.

Bai san ko za a zo ba, kuma ba ya ganin yana da bakin da zai ce dole a zo.

Bayan an gama za a cire batirinta, a binne ta a gefen filin, inda ƙasa ta rage ba a zuba siminti ba. Za a binne ta tare da audugar nan guda biyu. Duk wanda ya ga Malam Ya'u yana wucewa ranar, in yana da abin da zai faɗa masa, ko zagi ne, ya riƙe masa hannun riga. Zai tsaya.